Na rage ƙiba, fatar bayana ta saki: in je a yanke ta?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, 'ya'yana uku. Wata 13 da suka wuce aka yi mini tiyatar rage tumbi saboda ƙiba da ciwon suga. A lokacin kilo 126 nake, yanzu na dawo 84, kuma har yanzu ina sauka kaɗan-kaɗan, kamar kilo ɗaya a wata. Tsawona mita 1.65. Alhamdulillahi suga ya daidaita, gwiwoyina sun daina ciwo. Amma Anti, fata ta zame mini jarrabawa. Ta ciki da ta damtse ina iya ɓoye su, ta baya ce ta hana ni sakat. Ninki biyu ne a kowane gefe, daga ƙarƙashin allon kafaɗa zuwa hammata. In na sa rigar mama sai su kwanto ta sama da ta ƙasa, duk kayan da na sa sai sun nuna. In ana zafi wurin ya jiƙe, ya yi ja, ya yi ta ƙaiƙayi, wani lokacin har da wari. Na ga hotuna a intanet na wata tiyata da ake yanke fatar a ɓoye ɗinkin a ƙarƙashin rigar mama. Wata ƙawata ta ce ba sai an yanka ba, zuƙe kitsen kawai za a yi. Maigidana kuwa cewa yake shi bai ga komai ba, in gode wa Allah in haƙura. Bikin ƙanwata saura wata uku, so nake a yi kafin nan. Lafiyata ƙalau, ba na shan taba. Abin da kawai nake da shi wani ɗan ƙullutu ne a kunne tun da na yi huji na biyu ina budurwa, shi ma ba ya damuna sai ɗan ƙaiƙayi. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata 'yar'uwarki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Sauke kilo 42 ba wasa ba ne, ko da taimakon wuƙar likita.

Bari in ba ki amsar tun yanzu, bayani ya biyo baya. Tiyatar nan gaskiya ce, ana yin ta, kuma yanka kaɗai ne ke kawar da irin fatar da kika kwatanta. Amma kada ki yarda a yi miki ita kafin bikin nan. Sannan wannan ƙullutun kunnen da kika jefo a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, a wurina ya fi duk sauran abin da kika rubuta nauyi. Yana iya zama shi ne zai yanke hukuncin ko a yi ko a bari gaba ɗaya.

Fata tana miƙewa ta koma ne saboda wasu zaruruwa da ke cikinta, kolajin da ilastin. Idan ta yi shekaru a miƙe tam, zaruruwan sukan tsintsinke, kuma jiki ba ya iya sake saƙa su yadda suke da. Sai kitsen ya tafi ya bar fatar a nan. Baya kuma yana da halinsa na daban: fatar tana manne sosai a kan ƙashin baya, kuma akwai wuraren da take ɗaure da naman da ke ƙasa ta wajen haƙarƙari. Shi ya sa ba ta zubowa ƙasa gaba ɗaya irin ta ciki, sai ta rataya hawa-hawa a tsakanin wuraren da take ɗaure. Ninkin nan biyu-biyu da kike gani ke nan. Takan ɗan ƙara tsukewa da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma kaɗan ne. Babu man shafawa ko ɗamarar da za ta mayar da ita. Motsa jiki yana gina tsokar baya da kafaɗa, ya gyara tsayuwarki, kuma ina so ki riƙe shi, sai dai tsoka ba ta cinye fata. Na'urorin da ake gasa fata da su don ta tsuke kuwa, na mai ɗan sakin da bai taka kara ya karya ba ne, ba na mai ninkin da ake kamawa da hannu ba.

Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, maganin wata matsala ce dai ta kawo miki, ba taki ba. Zuƙar kitse tana aiki ne ga wadda fatarta ke da sauran ƙarfi, in an kwashe abin da ke ƙasa sai ta bi jiki ta kwanta. Fatar da ta riga ta saki kuwa, in aka zuƙe ɗan kitsen da ke tallafe da ita, ƙara zubowa take yi. Kina iya gwadawa a ɗaki. Ki sa wadda kika yarda da ita ta kama ninkin da yatsu ta ja. In ya cika mata hannu, da kauri, yana turjewa, to akwai sauran kitse sosai. In ya taso sakayau, tana iya jan sa nesa da jiki, fata ce. Sannan ta ɗora tafukanta a kan allon kafaɗarki ta tura fatar sama, ke kuma kina kallo ta madubi. In ninkin ya ɓace bayan ya yi sumul, to abin da tiyatar za ta yi ke nan. Likitoci sukan haɗa da ɗan zuƙar kitse a gefe-gefe, amma yankan shi ne ainihin aikin.

Salon da kika gani a hotuna, wasu likitocin Amurka biyu, Joseph Hunstad da Remus Repta, sun wallafa bayaninsa a 2008. Kafin a shiga ɗakin tiyata za a tsayar da ke sanye da rigar mamarki, likita ya zana iyakarta ta sama da ta ƙasa da alƙalami a jikinki, ya tattaro fatar da hannu ya ga iya abin da za a iya cirewa a rufe ba tare da an ja ta fiye da kima ba. Sai a sa ki barci gaba ɗaya, a kwantar da ke rub da ciki, a yanke fatar da kitsen da ke manne da ita, a ɗinke hawa-hawa tun daga can ciki. Yakan ɗauki awa biyu zuwa uku in shi kaɗai ne. Abin da zai rage miki shi ne layi ɗaya a kwance, daga hammata zuwa hammata, wani lokacin har ya zagayo zuwa ƙarƙashin mama.

A nan nake so ki tsaya da kyau. Tela in zai rage miki riga, yanka yake yi ya ɗinke, amma ɗinkin yana komawa ta ciki, ba mai gani. Fata ba ta da cikin da za a juya ɗinki. Wannan tiyatar musaya ce: ki ba da ninki, a ba ki tabo, kuma tabon na har abada ne. Mata da yawa sun yi wannan musayar sun ce ko gobe za su sake. Amma ribar cinikin ta dogara ne a kan irin tabon da jikinki ke yi, kuma wannan ba a hannun likita kaɗai yake ba, komai ƙwarewarsa.

Jikin mutane ba iri ɗaya yake warkar da rauni ba. Akwai tabon da ke kwanciya ya zama siririn layi. Akwai wanda ke tasowa ya yi kauri ya yi duhu, amma ya tsaya iya inda aka yanka, kuma yawanci yakan lafa cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma na uku, wanda likitoci ke kira kiloyid. Shi wannan ba ya sanin an gama warkewa. Yana ci gaba da toho har ya haye kan lafiyayyar fatar da wuƙa ba ta taɓa ba, ya yi tauri, ya yi sheƙi, yana ƙaiƙayi, wani lokacin yana suka. Ba ya komawa da kansa, kuma ba lallai ya fito nan take ba, yana iya bari sai an yi watanni an saki jiki. Ya fi kama masu baƙar fata nesa ba kusa ba, yana bin jini a wasu dangi, kuma yana da wuraren da ya fi so: kunne, tsakiyar ƙirji, kafaɗu, da saman baya. Wato daidai inda kike son a yanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fatar baya tana cikin mafi kauri a jiki, kuma kullum cikin ja take. Ki miƙa hannu, ki sunkuya, ki rungumi yaro, duk bayan ne ke miƙewa, kuma ja a kan sabon rauni shi ne abin da ke sa tabo faɗi da kauri.

Idan hujin allura ya bar miki ƙullutun da ya shekara wajen ashirin yana ƙaiƙayi, dole a tambayi abin da yankan rabin mita ko fiye zai bari. Ban ce lallai kiloyid ne ba. Wani ƙullutun kunnen 'yar jakar maiƙo ce kawai da ke taruwa a bakin huji, kuma likitan fata yakan bambance su da ido da taɓawa. Shi ya sa shi ne mutum na farko da za ki gani, tun kafin likitan tiyata. Kafin ki je, ki bi jikinki da kallo, domin ya riga ya ba ki wasu amsoshin. Tiyatar rage tumbi yawanci ta 'yan ƙananan huji huɗu ko biyar ake yin ta a ciki. Wata 13 ke nan, ya suke? Sun kwanta sun dushe, ko sun taso sun fi yadda aka yanka girma? In an taɓa yi miki tiyatar haihuwa, ki duba layin. Ki duba tabon allurar rigakafi a damtse, da wuraren da ƙuraje suka taɓa fito miki a ƙirji da baya. Ki tambayi mahaifiyarki da 'yan'uwanki ko akwai mai irin wannan tabon. In duk sun kwanta lafiya, alama ce mai daɗi, ko da yake fatar ciki ba fatar baya ba ce, kuma ba wanda zai iya yi miki rantsuwa a kai.

Kiloyid yana da magani, amma magani ne na jeka-ka-dawo: allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, a cikin tabon duk bayan 'yan makonni, mannin silikon na watanni, matsi, wani lokacin har da gasa wurin da rediyeshin, irin hasken da ake gasa ciwon daji da shi, bayan an yanke shi. Yanke shi kawai ba tare da waɗannan ba, yawancinsu dawowa suke, wani ma ya fi na da girma. A kunne ana iya jure wannan. A layin da ya ratsa baya kaf, ƙarƙashin maɗaurin rigar mama da ke gogar sa daga safe zuwa dare, wata rayuwa ce daban. Don haka ga ra'ayina ƙarara: in likitan fata ya tabbatar kiloyid ne, musamman in sauran tabbanki ma sun taso, ba zan ba ki shawarar yankan kwance ba, sai fa in ninkin ya kai ga gyambon da ya ƙi jin magani. Ninki ana iya rufe shi da kaya, kuma ba ya suka da dare.

In kuma an sami hanya, ba yanka ɗaya ba ne a duniya. Wasu likitocin sukan bar tsakiyar bayan ba su taɓa ba, su yi layi biyu, hagu da dama. Wasu sukan yanka a tsaye ta gefen jiki, daga hammata zuwa ƙasa, su jawo fatar bayan gaba, tabon ya ɓuya a ƙarƙashin hannu. Wannan bai kai na kwancen share ninki ba ga mai fata da yawa, amma yana kauce wa gadon baya. Ki tambaya ko ya dace da ke. Kuma tunda kina da ta ciki da ta damtse, za a iya kwaɗaita miki a haɗa duka a yi rana ɗaya. Ki yi taka-tsantsan. Duk awar da aka ƙara a kan gadon tiyata ƙarin zubar jini ce da ƙarin haɗarin daskarewarsa, kuma jikin da ke warkar da rauni uku lokaci guda ba ya yi wa ko ɗaya adalci.

Ko da babu maganar kunne, lokaci bai yi ba. Har yanzu kina sauka. Likitocin wannan fanni suna son nauyi ya tsaya cak na wata uku zuwa shida aƙalla, kuma ga wadda aka yi wa tiyatar tumbi wannan yakan kama wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar, wani lokacin fiye. In aka yanka yau kika ƙara sauke kilo shida, sabon saki zai fito, ga tabo ga ninki. Ta fuskar ma'aunin BMI, wato awon nauyi gwargwadon tsawo, kuwa kina kan hanya: da kilo 84 da tsawon mita 1.65 kina wajen 31, daga 46 da kika taso. Yawancin likitoci sun fi son a kusanci 30, kuma matsalolin warkewa suna ƙaruwa sosai in an haura 35. In kina da niyyar ƙara haihuwa nan kusa, ita ma ki faɗa, domin nauyi zai sake motsawa.

Ga kuma lissafin bikin. A ce gobe aka yi. Sabon ɗinki a sati na uku bai wuce kashi 20 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata ba, sai wajen wata uku yake kai kashi 80, kuma nan ne iyakarsa. Wata na biyu zuwa na uku shi ne lokacin da tabo ya fi duhu da tasowa. Ba ya nuna ainihin kamanninsa sai bayan wata 12 zuwa 18. Ke nan ranar bikin za ki kasance da sauran kumburi da tabo a mafi munin lokacinsa, bayan kin shafe makonnin hidima ba kya iya ɗaga hannu. Wannan ma in komai ya tafi daidai ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani shirin da masu tiyatar tumbi kan manta da shi, saboda suna jin su garau. Tumbin da aka rage ba ya karɓar abinci da yawa, don haka ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe mai gina jini), da bitamin B12, da bitamin D, da zink, da furotin abu ne da aka saba gani ko ga wadda ba ta jin komai. Rauni kuwa da furotin ake gina shi. Mafi ƙarancin da ake so ga irinku shi ne giram 60 a rana, kuma kafin babbar tiyata akan so fiye da haka. Ki koma wurin waɗanda suka yi miki ta farko a auna jininki, a ga yawansa da ajiyar ayon ɗinki, a yi gwajin HbA1c wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Suga ya daidaita ba ya nufin a daina sa masa ido. Duk abin da aka samu ya gaza, a cike shi tukuna, kuma wannan kansa yana cin watanni.

Ranar da za ki zauna da likita, ki juye masa jakarki kaf. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin suna ƙara haɗarin daskarewar jini, akan dakatar da su sati huɗu kafin babbar tiyata. Asfirin da wasu magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari suna sa zubar jini. Allurar rage ƙiba irin su Ozempic tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, dole mai sa barci ya sani. Mayukan hasken fata da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata ya hana rauni haɗewa. Mata kan ji nauyin faɗar wannan, alhali ɓoye shi ya fi faɗarsa tsada. Kin ce ba kya shan taba, madalla. Shisha ma taba ce, ga masu karatu da ke ganin ba ita ba ce, kuma nikotin kowane iri ana barin sa aƙalla sati huɗu kafin tiyata da sati huɗu bayanta.

Jinyar kanta ba ta cika zafi ba kamar yadda ake zato, takura ce ta fi yawa. Za a iya barin siririyar roba a kowane gefe tana fitar da ruwa na 'yan kwanaki, za ki sa riga mai matse jiki na sati huɗu zuwa shida. Makonnin farko ba ɗaga hannu sama da kafaɗa, ba miƙa shi gaba da ƙarfi, ba ɗaukar kaya mai nauyi sai an kai wajen sati shida. Ki yi tunanin abubuwan da wannan ya ƙunsa: ɗauko abu daga wuri mai tsayi, shanya, gyaran gashi, ɗaga ƙaramin yaro, zura riga ta ka. Mai aikin zama kan koma bayan sati biyu. Kuma raunin yana inda idonki ba ya gani, hannunki ba ya kai, don haka sai da mutum a kusa wanda zai duba miki shi kullum ya canza bandeji. Abin da aka fi gani na matsala shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, wanda ake zuƙewa da sirinji, da ɗan buɗewar ɗinki, musamman a tsakiya inda ja ya fi yawa. Wurin yakan mutu na watanni, ki taɓa ba ki ji ba. Gefe ɗaya yana iya ɗan fin ɗaya, ƙarshen layin yana iya yin ɗan tudu da sai an gyara daga baya. Wanda ke kisa shi ne gudan jinin da ke daskarewa a ƙafa ya tafi huhu. Shi ya sa ake tayar da mutum ya yi tattaki tun ranar farko. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko zazzaɓi, ko gefe ɗaya na bayan ya kumbura farat ɗaya: asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne.

Hotunan intanet kuwa, ki lura da kyau za ki ga yawancin na "bayan tiyata" da rigar mama aka ɗauke su, ko kuma an ɗauka ana sati biyu, filasta na rufe da layin. Ba su nuna miki abin da kike saya ba. Idan kin je, ki ce a nuna miki bayan da ya shekara da tiyata, ba riga, kuma na mace mai irin launin fatarki. Likitan da ya saba aikin yana da su. Ki tabbatar ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki ne mai rajista da hukumar likitocin ƙasarsa, ba wanda ya yi kwas na 'yan makonni ba, kuma a asibitin da ke da likitan sa barci, da jini a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman. Ki tambaye shi wa zai gan ki in ɗinki ya buɗe a sati na uku, kuma gyara a kan wa yake. Ki nuna masa kunnenki ki ga yadda zai yi. In ya tsaya ya taɓa, ya nemi ganin sauran tabbanki, ya yi maganar abin da za a fara tun ranar cire zare don tare tabon, to kina gaban likita. In ya ce ba komai, ya miƙo miki ranar tiyata da rangwame in kin biya yau, ki ɗauki jakarki. Araha ba ta ado. Ki ga biyu kafin ki zaɓa. In kuma tafiya mai nisa za ki yi don a yi miki, ki sani doguwar zama a jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jinin nan, kuma yawancin matsaloli bayan an dawo gida suke fitowa.

Maigidanki kuma, ina ganin kina jin maganarsa a matsayin bai damu ba, ni kuwa na fi zaton tsoro ne. Bara ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, ba ya son ya sake tsayawa. Kuma "ban ga komai ba" daga bakin miji ba mugun abu ba ne. Amma shi ba ya jin ƙaiƙayin, kuma wataƙila ba ki taɓa nuna masa wurin lokacin da ya saɓe ba, kunya ta hana. Ki nuna masa. Son rabuwa da fatar da ke jiƙewa tana wari ba rashin godiya ba ne. Ki tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa, tunda ko ba komai shi ne zai riƙa duba miki bayan. Ki kuma tambayi kanki, ke kaɗai, ko ninkin ne ke damunki ko kuwa idon 'yan biki. In kika ga damuwar ta kai ki ga ƙin fita, ko tsayawa gaban madubi na awanni, wannan ma a gaya wa likita, domin akwai damuwar da wuƙa ba ta cirewa.

Abin da za ki iya gyarawa tun daga yau shi ne ƙaiƙayin. Fata ce ke gogar fata cikin gumi, sai ƙwayoyin fangas su sami wurin zama. Ki wanke cikin ninkin da sabulu marar ƙamshi, ki ɗaga shi ki busar sarai, da dannawa ba da gurzawa ba, ko ki tsaya gaban fanka. Ki sa ƙyallen auduga mai laushi a tsakani, ki canza in ya jiƙe. In ya yi ja yana ƙaiƙayi, man kashe fangas irin su Canesten sau biyu a rana na sati biyu zuwa huɗu yakan wadatar, in ya lafa kuma man zink yana kare wurin daga guga. Ki guji mayukan nan masu haɗe-haɗe da sitiroyid mai ƙarfi a ciki, suna kwantar da ƙaiƙayi yau su sirantar da fatar gobe. Ki sake auna rigar mama, domin wadda ta sauke kilo 42 ba ta sa lambarta ta da. Ki nemi mai faɗin baya da faɗin gefe, mai maɗauri huɗu ko biyar, wadda ke tattare ninkin a ciki maimakon siririyar da ke raba shi biyu. Wannan kaɗai yana canza yadda kaya ke zama a jiki.

In an yi sati biyu ana shafa magani bai lafa ba, ko fatar ta tsage, ko tana fitar da ruwa, ki je a duba, domin wani lokacin bakteriya ce ba fangas ba, kuma maganinsu daban. Duk lokacin da ya tashi ki sa a ɗaukar miki hoto da kwanan wata, ki ajiye takardun maganin. Likitan tiyata zai yi amfani da su wajen auna ko buƙatar ta kai a ɗauki kasadar tabon, kuma a wasu ƙasashen da irin wannan shaidar ce inshorar lafiya ke duba ko za ta ɗauki wani ɓangare na aikin.